Kujera ko gashin hannu: wanne zan fara yi wa yarona?

Maman Khalifa
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da sanyi. Don Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa huɗu, yana da matsalar nan ta shanyewar ƙwaƙwalwa da a asibiti suke ce wa CP. Wuyansa ya tsaya alhamdulillahi, amma ba ya zama shi kaɗai sai an tokare shi da filo, kuma hannayensa a dunƙule suke, musamman na dama, babban yatsan kullum a cikin tafi. Ni burina ya iya kai loma bakinsa da kansa. Na roƙi mai yi masa gashi, wato mai motsa masa jiki a asibiti (fisiyo), ta mayar da hankali kan hannun, sai ta ce wai in fara nemo masa kujera ta musamman, hannu ba zai yi aiki ba sai zama ya gyaru. Gaskiya abin bai shige ni ba. Ina ruwan hannu da kujera? Ga shi wadda aka nuna mana ta waje kuɗinta ya fi albashin babansa na wata da watanni. Ɗan abin da muka tara ba zai yi biyun ba. In na sa shi a kujera, zuwa gashi zai tsaya na wani lokaci. Waɗanda suka riga ni shiga wannan hanya, me kuka gani? Muna Anguwan Rogo a Jos.

Ummu Haidar
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya. Ni ma haka aka ce min, kuma sai da aka yi kujerar na fara ganin Haidar yana miƙa hannu ya ɗauki abu. Amma bari masana su zo.

Abban Fati
Hajiya ki bi a hankali. Mu an ba mu keken guragu a wani rabon tallafi, har da ɗaukar hoto. Yanzu haka yana bayan ƙofa an jibga masa kayan wanki. Na manya ne, yarinya ta nutse a ciki, ƙafa tana lilo, kai ya faɗa gefe, ko minti biyar ba ta yi sai kuka. In ni ne ke, gashi zan ci gaba da biya. Shi aƙalla kana ganin abin da aka yi.

Fisiyo Bukuru
Maman Khalifa, abokiyar aikina ba ta yaudare ki ba. Ki ɗauka kina cikin keke napep a hanyar da ta lalace, aka ce ki zura zare a allura. Yatsunki lafiyarsu ƙalau, amma ba za ki iya ba, domin jikinki bai tsaya wuri ɗaya ba, hannuwan ma neman abin riƙewa suke yi. Haka yaron da gangar jikinsa ba ta da ƙarfi yake ji duk sanda aka zaunar da shi. Ƙarfinsa gaba ɗaya yana ƙarewa wajen kada ya kife. Ki lura da kyau, da zarar ya ji zai faɗi sai jikin ya ƙara sandarewa, hannun ya ƙara damƙewa.

Zama daga ƙugu yake farawa. In ƙugu ya zame gaba, baya zai lanƙwashe, kafaɗu su rufto, kai ya sunkuya ko ya faɗa baya, idon ma ba ya kallon abin da hannu zai ɗauka. In kika mayar da ƙugu can ƙarshen kujera, cinyoyi suka kwanta, tafin ƙafa ya taka wani abu mai ƙarfi, aka tare haƙarƙari ta gefe biyu, sai ki ga kafaɗa ta saki, hannu ya samu sararin fitowa gaba. Akwai kuma maganar haɗiya. Yaron da ake ba abinci a kishingiɗe, kai a baya, shi ne ke yawan ƙwarewa, abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu, a yi ta jinyar ciwon ƙirji ba a san mafari ba.

@Abban Fati, abin da aka ba ku ba na Fati ba ne, na wani ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2008 ta fitar da ƙa'ida cewa ba a miƙa wa mutum keke haka kawai. Sai an auna shi, an daidaita masa, an koya wa masu kula da shi, an kuma riƙa bibiya. Masu rabo da yawa sun fi damuwa da hoton.

Sai dai kada a ce na ce a bar gashi. Kujera ba ta koya wa hannu komai, dama kawai take ba shi.

Maman Khalifa
Na gode likita, yanzu na fara fahimta. Wallahi in na riƙe masa ƙugu a cinyata ya fi kai hannu ga wayata. To amma dole sai ta wajen nan mai tsada?

Baba Kafinta
'Yata, ba dole ba ne. Ni a wajen Kasuwar Katako nake aiki, kuma na yi wa yara irin wannan kujera, wasu har sun girme ta an miƙa wa na baya. Amma sharaɗina ɗaya: ba na yin ta da ka. Sai mai gashin yaron ya rubuto min awo, ko ya zo da kansa. Abin da nake buƙata shi ne faɗin ƙugu, tsawon cinya daga mazaunai zuwa bayan gwiwa, daga bayan gwiwa zuwa dunduniya, daga mazauni zuwa hammata, sai zuwa kafaɗa da ƙeya in yaron bai riƙe wuya ba. A tsawon cinya nakan rage kamar yatsa biyu, don kada bakin kujera ya riƙa cin bayan gwiwa. In mazaunin ya yi zurfi da yawa, yaro zai sulale gaba komai ɗaurin da aka yi masa.

Wurin taka ƙafa da teburin gaba ba na kafe su da ƙusa. Ramuka nake hudawa a jere in sa noti, yaro na girma ana daidaitawa. Soso kuma mai tauri nake sa mai kushin ya sa, ba na katifa mai laushi ba, a rufe da leda saboda fitsari da kunu. Teburin ina yanke masa ciki ya zagaye cikin yaro, in yi masa ɗan baki don kada cokali ya riƙa faɗuwa ƙasa. Ƙasan kuma a buɗe shi da faɗi, domin masu banƙarewa suna iya kifar da kujera ta baya.

A tsakiya ina sa ɗan katako tsakanin cinyoyi, shi ke hana yaro zamewa.

Fisiyo Bukuru
Baba, Allah ya ƙara basira, aikinka na masu sani ne. Wuri ɗaya zan ɗan gyara, da girmamawa. Wannan katakon na tsakanin cinyoyi aikinsa raba gwiwoyi ne ga yaron da ƙafafunsa ke harɗewa. Bai kamata ya zama shi ne birki ba. In yaro ya zame ya tokare da shi, gabansa yake dannewa, ciwo yake ji, kuma ciwo na ƙara sandarewa. A sa shi kusa da gwiwa, a naɗe da soso. Abin da ke hana zamewa shi ne bel ɗin ƙugu, wanda zai bi ta kan ƙashin ƙugu ya gangara ƙasa ta baya, ba ta kan tumbi ba.

Kuma iyaye ku ji wannan da kyau: kada a ɗaure ƙirjin yaro da ɗankwali ko zani a bar ƙugu a sake. In ya sulale ƙasa, ɗaurin wuyansa zai hau. Kada kuma a bar shi a ɗaure shi kaɗai a ɗaki a tafi kasuwa.

Wani abin da ake mantawa, yara da yawa jijiyar bayan cinyarsu ta ɗaure. In aka tura wurin taka ƙafa gaba, jijiyar za ta janyo ƙugu ya zame. Gara a bar ƙafar ta ɗan koma ƙarƙashin kujera. Saboda haka kada a rufe gaban da katako.

Baba Kafinta
Na karɓa, likita. Ta ƙarshen nan ce ma ta fi yi min amfani, domin masu kawo aiki sukan ce a rufe gaban ya fi kyan gani.

Maman Nanret
Sannunku duka. Ni ta kwali muke amfani da ita, kar ku yi dariya. Kwalayen da ake zubarwa a shaguna ake yankawa a liƙa su bisa juna da kunun fulawa, ana saɓa layin kowane da na ƙasansa, sannan a bi da takarda a lulluɓe, a shanya har ya bushe ƙarau, a shafa fentin mai. A Zimbabuwe aka fara wannan dabara, yanzu ana koyar da ita a ƙasashen Afirka da dama. Wata mai gashi ce ta koya mana a coci, ita ta auna Nanret ta zana mana. Ba ta da nauyi, ina ɗaukarta da hannu ɗaya in shiga keke da ita zuwa Tudun Wada wurin mamana. In yarinya ta girma, ba ka jin zafin yin wata.

Kafin nan a kwanar ɗaki nake zaunar da ita, bango ya tare ta hagu da dama, in sa ƙaramin tebur a gabanta.

Abban Fati
Madam, da damunar Jos da ɓerayen gidan haya, kujerar fulawa za ta kai sati kuwa?

Maman Nanret
Oga, ta kai har ta wuce. Da rani ake yin ta, lokacin iskar hunturu ta fi bushewa da kyau. Ba a barin ta a tsakar gida, ba a ajiye ta a ƙasa mai laima. Wurin zaman na shimfiɗa masa leda. Babba ma yana zama a kai ba ta lotsa ba.

Mai kula da zaure
Na cire saƙon wanda ya shigo yana tallar maganin da wai zai tayar da yaro cikin sati biyu. Mun sha faɗa, ba a talla a nan. Raunin da ya samu ƙwaƙwalwa ya riga ya samu, ba ya ƙaruwa, kuma babu garin magani ko allurar da ke goge shi. Abin da ke canzawa shi ne abin da yaro ya koya, da yadda aka kiyaye gaɓoɓinsa kada su ƙage. A ci gaba da maganar kujera.

Hajiya Gangare
Allah ya saka da alheri da kuka cire shi. Irinsu sun ci kuɗin mutane ba kaɗan ba. Jikata da aka haifa, kwana uku idonta ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce a riƙa shanya ta a hantsi, a ba ta ruwan gulukos. Kafin a kai ta asibiti ta daina kama nono, tana wani irin kuka mai tsini tana banƙarewa. Daga baya da ba ta zauna ba, babu abin da ba a ce ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce uwar ta fita da tsakar rana da ciki. Uwar ta sha kuka har ta gode Allah. Yanzu yarinyar tana da wayo sosai, komai ta sani, jikin ne kawai ba ya bin umarninta. In ta kai hannu ga abu sai ya wuce ya dawo.

Nas Farin Gada
Mama, sannu da haƙuri. Abin da kika faɗa shi muke gani kullum. A ƙasar nan shawarar jarirai da wahalar haihuwa, wato jaririn da bai yi kuka da wuri ba, suna cikin manyan dalilan wannan matsala, sai sanƙarau da haihuwar bakwaini. Shawara in ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma hantsi da gulukos ba sa maganinta. Asibiti ake zuwa a auna jini, a sa jariri ƙarƙashin fitila ta musamman, in ta yi tsanani a canza masa jini. Don Allah a daina zuba kafur a kayan jarirai. Akwai yaran da aka haifa da wani rashi a jininsu, musamman maza, kafur na farfasa musu ƙwayoyin jini shawara ta taso.

Mama, in ba a taɓa auna jin jikar taki ba a auna, domin shawara tana yawan taɓa kunne. Ku yi haƙuri na kauce daga kujera.

Anti OT
Na makara, amma bari in sa baki tunda hannu fagena ne. Mu masu koyar da ayyukan yau da kullum ba mu da yawa, shi ya sa a wurare da dama mai gashi ke haɗa aikin biyu. Duk wanda za ku ba yaronku, kuna da damar tambaya ko yana da rajista da hukumar MRTB, ita ke yi mana rajista mu da masu gashi.

Maman Khalifa, ga abin da nake so ki riƙe. Murza hannu da miƙe yatsu yana da nasa wurin, amma shi kaɗai ba ya koya wa yaro cin abinci. Hannu yana koyon abin da ya yi ta maimaitawa ne da kansa, da niyyarsa. In burinki loma, to loma za a yi ta yi, kullum, a lokacin cin abinci na gaske. Wannan kuma a gida ake yin sa. Awa ɗaya a asibiti ba za ta kama ƙafar abin da za ki yi safe, rana da dare ba.

Yadda nake fara wa iyaye: a zaunar da shi daidai, teburin ya kai wajen gwiwar hannu don ya jingina damtsensa. A jiƙa tsumma a shimfiɗa ƙarƙashin kwano don kada ya gudu. Kwanon ya zama mai zurfi, yadda cokali zai samu bango. A naɗa wa mariƙin cokali tsumma ko soso ya yi kauri, domin hannun da ke dunƙule ya fi iya riƙe abu mai kauri. A fara da abin da ke manne wa cokali, kamar faten dankali mai kauri ko tuwo mai laushi da miyar kuka, ba kunu mai ruwa ba. Ki zauna a gabansa ko gefensa ki tallafi gwiwar hannun, kada ki kama yatsun. Da farko ke za ki kai cokalin kusa da baki, shi ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. In ya iya, sai ki riƙa sakin hannun tun daga nesa. Zai ɓata jiki, zai ɓata tebur. A bar shi.

Hannun da ya fi saki shi za a ba cokali. Ɗayan a ɗora shi a kan tebur ya dafe kwano, kada a bar shi a maƙale a ƙirji.

Maman Khalifa
Anti, nan fa ake yin ta. Na hagun ne ya fi saki. Kakarsa ta wajen uba in ta ga na ba shi abu a hagu sai ta karɓe ta mayar dama, ta ce ba za a koya wa jikanta cin abinci da hagu a gidanta ba. Ni kuma ba na son musu da ita.

Malam Na Rikkos
Maman Khalifa, ki gaishe da Hajiya, ki faɗa mata cikin ladabi cewa kishinta na sunna abin yabo ne. Ci da dama shi ne koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma malamai sun yi bayani cewa mai uzuri, kamar ciwo ko shanyewar hannu, babu laifi a kansa ya ci da hagu. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya, yana nan a ƙarshen Baƙara. Balle yaro ƙarami da alƙalami bai hau kansa ba. In maganar ta yi miki nauyi, babansa ya faɗa mata, ko limamin unguwarku. Daga bakin ɗanta za ta fi saurin karɓa.

Maman 'Yan Biyu
Ni kuma akasin haka aka yi mana. Hassana gefe ɗaya ne ya shanye, tana tafiya da ɗingishi, hannun dama kuma ta manta da shi gaba ɗaya. Tun tana wata shida muka ga hagu kawai take miƙawa, muka ce bahaguwa ce, ashe alama ce, don an ce jariri bai kamata ya zaɓi hannu tun kafin shekara ba. Mai koya mata ta sa muka ɗinka safa mai kauri muna sa wa hannun mai lafiya na ɗan lokaci kullum, a zauna a yi wasa da mai ciwon: tura ƙwallo, kwashe murafun kwalba a zuba a roba, yaga takarda, dambe da kumfar sabulu. Ranakun farko ta yi rigima sosai. Hussaina ce ta cece mu, da ta ce ita ma a sa mata safa, sai abin ya koma wasa. Yanzu tana dafe littafi da shi in tana rubutu, tana riƙe kofi da hannu biyu. Yatsun dai ba su kai na ɗayan ba.

Ɗan Dilimi
Ni fa wannan ban yarda da shi ba. Yaro na da hannu ɗaya mai aiki, ku kuma ku ɗaure shi? Wannan ai azabtarwa ce. In ya faɗi da me zai tare?

Anti OT
Yaya, tambayarka tana kan hanya. Shi ya sa ake sa safa ko abin da za a iya zarewa nan take, yaro yana zaune, babba yana kusa, kuma wasa ake yi da abin da zai iya cin nasara a kai. Ba a ɗaure hannu a sake shi ya yi ta yawo. Ana yi na wasu makonni ne a tsaya. Hanya ce da aka yi bincike a kanta sosai ga yaran da gefe ɗaya ya shanye, kuma tana aiki. Akwai ta biyu, wadda ba a rufe komai, sai a zaɓo ayyukan da dole sai da hannu biyu: buɗe gora, ɓare ayaba, zura ɗutsen ado a zare, tuƙa ƙullu a roba. Da aka gwada su, an ga duk biyun suna kawo ci gaba in an ba su lokaci isasshe. Wanda ransa bai kwanta da ta farko ba, ya yi ta biyu.

Amma Maman Khalifa, kada ki je ki rufe wa naki hagu. Shi hannu biyun ne abin ya taɓa, lissafinsa daban ne. Babban yatsan da ke shigewa tafi kuma akwai ɗan maɗauri mai laushi da ake sa masa ya fito waje, akwai kuma robar da ake tausasawa a ruwan zafi a lanƙwasa daidai hannun. A bar wanda ya gan shi ido da ido ya zaɓa. In kin cire kika ga jan tabo da bai baje ba bayan kamar rabin awa, ya matse, a mayar a gyara.

Sani Mista Ali
Ba a nan Jos ake ƙera kekunan nan masu ƙafa uku ba, na cibiyar Beautiful Gate? Me zai hana ta nema?

Fisiyo Bukuru
A nan ne, kuma sun taimaki jama'a da yawa. Amma irin wannan keken da hannu ake tuƙa shi, an yi shi ne don waɗanda shan inna ta kama, masu ƙarfin baya da damtse. Yaron da bai iya zama shi kaɗai ba buƙatarsa daban ce.

Malama Safiya
Ni abin da ke ci min rai makaranta ne. An yi kujera, an koya wa yaro riƙe fensir, sannan a kai shi makaranta a ce ba su da wurinsa. Ɗan yayata haka wata makarantar kuɗi ta mayar da shi, wai sauran iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Alhali akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, har aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika, ku zagaya ku ƙirga matakalar bene. Filato ma tana da tata hukumar ta kare haƙƙin masu nakasa, ga Jami'ar Jos da sashen ilimi na musamman da ke yaye malamai. Ba rashin masana ba ne. A islamiyyarmu dai mun karɓi biyu, da kujerunsu ake kawo su, ɗaya ta fi kowa hadda a ajin.

Abban Fati
Duk na ji, kuma na yarda wancan keken ba na Fati ba ne. Amma baiwar Allah ta yi tambaya kan kuɗi, kun kai ta makaranta kun dawo. Ni har yanzu ina tsoron a yi kujera a ajiye yaro a ciki daga safe har dare, a ce ai an gama. Na ga gidan da aka yi haka, uwa ta samu hannu ta yi aikinta, yaro kuma gwiwoyinsa suka ƙage a lanƙwashe.

Fisiyo Bukuru
@Abban Fati, a nan kam ina bayanka. Kujera ta lokacin ci ce, da wasa, da karatu, da zama cikin mutane. Bayan haka a sauke shi. Ya yi rub da ciki a tabarma da filo ƙarƙashin ƙirji, ya kwanta ta gefe hannu biyu a gabansa, a tsayar da shi in an nuna muku yadda ake yi. Goyo ma yana da amfani ga mai harɗe ƙafa, tunda yana raba cinyoyi. Keken koyon tafiya na jarirai dai a bar shi, ɗage dunduniya yake ƙara musu. Da sanyin nan na Disamba da Janairu iyaye da yawa suna cewa jikin ya fi tauri, to a sa safa da rigar sanyi, a yi motsa jikin bayan wanka da ruwan ɗumi.

Kuma yaron da ba ya tafiya a riƙa yi masa hoton ƙugu lokaci lokaci. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan matsala kan cinyarsu yana gocewa daga gurbinsa a hankali, kuma ya fi yawa ga waɗanda ba sa tafiya. Ba a ganewa da ido sai ya yi nisa. A tambayi likitan yara ko na ƙashi, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) can Lamingo, ko Plateau Specialist, ko Jankwano, duk inda katinku yake.

Kan kuɗi, ra'ayina: a yi ta gida da awon mai gashi, a rage yawan zuwa asibiti amma kada a yanke, a ce mata ta rubuta abin da za a riƙa yi a gida.

Ummu Haidar
Likita, rage zuwan nan ni bai karɓe ni ba. Da na rage sai na yi sanyi, aikin gida ya cinye ni, sati ya wuce ban yi masa komai ba. Zuwan ne ke tayar da ni, ina ganin wasu iyayen ina jin ƙarfi. Kowa dai ya san halinsa.

Hajiya Gangare
Gaskiyarki. A raba aikin da 'yan gida, kada a bar wa uwa ita kaɗai. Mu a gidanmu yayyen jikata ne ke wasan da ita in sun dawo makaranta.

Maman Khalifa
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nuna wa babansa duk abin da kuka rubuta. Shi ya fi karkata ga ta katako, ni kuma ta kwalin ta fi kwanta min saboda ɗauka, tunda ba kullum yake gida ba. Za mu ji ta bakin mai gashin in mun je. Maganar kakar yaron kuma ya ce a bar masa.

Baban Muhsin
Ku gafarce ni na shigo a makare. Nawa shekararsa tara, kansa kullum faɗuwa yake gefen hagu ko an sa masa filo. Ta Baba za ta yi masa, ko sai mai kwantawa baya?

Baba Kafinta
Ana yin mai kishingiɗa gaba ɗayanta, mazauni da majingina tare, ba bayan kaɗai ba. Amma mai shekara tara yana da nauyi, sai an sa taya da ƙarfe a ƙasa, wannan kuma da mai walda muke haɗawa. Ka fara kai shi a duba bayan tukuna, in ƙashin ya karkace awon ba ɗaya ba ne.